Baƙuwar Da Ta San Kogonmu

Shafi na 12

Na ga saƙonninku. Masu cewa da gangan nake ja muku rai, ba haka ba ne. A tsibirinmu Tivuya sai mutum ya hau tudun bayan coci yake samun netuwok, jiya kuwa ruwan sama bai bar kowa ya hau ba. Ke kuma da kika ce in rage labarin kifaye in shiga maganar yayana Waisake, yau kin samu.

Wanda yau ya fara biyo mu, ni ce Torika, mai zagayawa da baƙi a jirgin ruwanmu mai inji, ni da Apenisa ɗan kawuna. A wannan makon wata baturiya daga Brisbane, Narelle, ta ɗauke mu ita kaɗai.

Tun ranar farko matar nan ta tsaya min a rai.

Duk inda muke kai baƙi mun kai ta. Na kai ta mashigar da manyan kifayen nan masu fukafukai ke wucewa, ɗaya ya gitta ta ƙarƙashinta kamar an shimfiɗa tabarma a ruwa. Wasu baƙin har ƙwarewa suke yi don murna, ita ko hoto ba ta ɗauka ba. Na kai ta gaɓar da kunkurun ruwa ke binne ƙwai. Mun gasa mata kifi da gwaza a rami, ta ɗan taɓa ta ajiye. Aikinta kawai kallona. In na juyo sai ta ɗauke kai.

Ranar nan ta ce kogo take so.

Muka bar Apenisa a jirgi a bakin dutse, muka shiga mu biyu. Ɗakin farko kowa na shiga, haske na saukowa daga sama, ruwan kore shar. Na fara yi mata bayanin da nake yi wa kowa, sai na ga ba ta ji. Ta yi iyo zuwa bangon hagu, ta dafa wani wuri da babu komai sai gansakuka.

"Ta nan ake bi, ko?"



Akwai ɗaki na biyu. Sai ka nutse ka bi ta ƙarƙashin dutse cikin duhu. Ba ma faɗa wa baƙi, ko a otal ba su san da shi ba.

"Wa ya faɗa miki?"

"Zan tambaye ki wani abu," ta ce. "Wata magana ce da yarenku. Na tambayi ma'aikatan otal, sun ce ba irin yarensu ba ne, na tsibirin nan ne."

"Wa ya faɗa miki hanyar nan?"

Ta rufe ido kamar ɗaliba mai hadda, ta furta maganar. Harshenta ya karkace ta, ta haɗiye rabi, amma na ji.

Riƙe ƙafata, Ƙaguwa, kada ki saki.

Sai na ji ruwan ya yi min sanyi har cikin ƙashi.

Mutum ɗaya ne a duniya yake ce min Ƙaguwa, don ina ƙarama mintsini ne makamina. A daidai wurin nan ya faɗa min maganar, ranar da ya fara ratsa ni ta ƙarƙashin dutsen.

"Me take nufi?" in ji Narelle. "Don Allah. Kullum yana faɗa, yana kallona yana jiran amsa, ni kuma ban san me zan ce ba."

"Wa ke faɗa?"

"Mijina."

"Waye mijinki?"

"Waisake."

Na kama dutse na hau. Ta biyo ni ta zauna nesa kaɗan.

"Ba ni da yaya mai wannan sunan," na ce.

"Torika..."

"Kada ki kira sunana kamar kin san ni. Kwana da kwanaki kina cin kifinmu, kina kallon bakina, ashe leƙen asiri aka turo ki. Ya turo ki ki gano ko mun mutu ne? Ki koma ki ce masa saura. Tata babanmu dai ya riga ya tafi, in bai ji ba."

"Ya ji."

"Ya ji. To madalla. Shekaru sun fi goma rabon da ya taka tsibirin nan. Yana buga zari-ruga a Faransa, duk garin nan muna taruwa gaban talabijin ɗin makaranta muna kiran sunansa. Daga baya waya ta ragu. Daga baya in an kira sai ya ce yana zuwa ya kashe. Mahaifinmu ya rasu, muka ajiye gawa muna jiransa har fasto ya ce zafi ya yi yawa. Kin san inda Nana mahaifiyarmu take zama duk ranar da jirgin birnin Lautoka zai zo? Bakin gadar da jirage ke tsayawa. Da tabarmarta. Ta ce saƙa take yi, iska ta fi daɗi a can."

Narelle ta bar ni na gama. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Ya taho jana'izar," ta ce.

"Ƙarya."

"Ni na kai shi filin jirgi. Na sauke shi da jakarsa da baƙar rigarsa. Da yamma 'yan sanda suka kira ni. Sun same shi a wurin ajiye motoci yana zagayawa tun safe. Bai san inda za shi ba. Bai san me ya sa yake sanye da baƙi ba. Da na faɗa masa, ya yi kuka kamar lokacin ya fara ji. Washegari ya sake tambaya, ya sake kuka."

Na kalle ta.

"Ciwon mantuwa ne," ta ce. "Likitoci sun ce buguwar kai ce ta wasan nan, an yi ta yi, yana tashi yana komawa fili. Ni a asibiti na san shi, can nake aiki. Lokacin da muka yi aure ya riga ya fara."

"Me ya hana ku faɗa mana?"

"Shi ya hana. Wata rana ya kira mahaifiyarku, tana ta magana, shi kuma ya kasa gane muryar wace ce. Ya kashe wayar ya shiga banɗaki ya kulle. Da ya fito ya sa na yi masa rantsuwa. Ya ce gara ta ɗauka ɗanta ya yi girman kai, da ta san ɗanta ya manta ta."

Ban san lokacin da na toshe bakina da hannu ba.

Duk zagin da na yi masa a shekarun nan, duk hotonsa da na cire daga bango Nana ta mayar, suka dawo min a rai.

"To yanzu me ya karya rantsuwar?"

"Turancinsa ya tafi, Torika. Tun bara yake zubewa, yanzu babu. Yarenku kaɗai ya rage masa. Yana min magana dare da rana, ban san yunwa yake ji ba, ko ciwo, ko tsoro. Ina zaune da mijina kamar an sa gilashi a tsakaninmu. Na gaji. Ba da shi na gaji ba, da rashin jin abin da yake cewa."

"Wa kika bar wa shi a Brisbane?"

Ta sunkuyar da kai.

"Narelle. Wa kika bar wa shi?"

"Ba ya Brisbane."

"Yana ina?"

"A otal."

Otal ɗin da muke ɗauko ta kullum da safe. Tsallaken ruwa kawai. Daga bakin gadarmu ana hango rufin ɗakunansa.

"Kina nufin duk kwanakin nan..."

"Ina bar wa Titilia shi, mai gyaran ɗakinmu. Ba ya fita. Kullum ina cewa yau zan faɗa miki, in na ga fuskarki sai in kasa. Fuskarku ɗaya."

Kafin in yi magana muryar Apenisa ta shigo kogon tana amsa-kuwwa.

"Tavale, in kin nutsar da baturiyar ne ki ciro agogon tukuna, ni nake so."

Haka muke da shi, wasan taubasai, ma'anar tavale ke nan a yarenmu, ko a maƙabarta ba ya bari.

Jim kaɗan ya sake kira. Wannan karon babu wasa a ciki.

"Torika, ku fito. Otal na nemanta a oba-oba."

Muka fito. Hasken rana ya kashe min ido. Apenisa ya miƙo min oba-oban, yana kallon jajayen idanuna, bai tambaya ba.

Titilia ce, tana haki.

"Torika, baƙuwarku na kusa? Mijinta ba ya ɗaki. Shayi na je ɗauko masa, wallahi ban daɗe ba. Mun duba ko'ina. Kwalekwalen roba ɗaya babu, jan nan. Mai gadin bakin ruwa ya ce ya ga wani ƙato ya tura shi, ya ɗauka ma'aikaci ne don yadda ya iya tuƙi."

"Ya sa rigar ruwa?"

"Tana nan a rataye."

Narelle ba ta jin yaren, amma ta ji. Ta dafe gefen jirgi.

"Ya fita, ko? Ya fita?"

Na gyaɗa kai.

Apenisa ya tayar da inji. "Mijinta ya iya ruwa?"

"Ya fi ka iyawa."

"Bature ya fi ni? Tavale, rana ta taɓa ki."

"Waisake ne."

Hannunsa ya zame daga kan inji. Jirgin ya yi gefe har sai da na riƙe Narelle.

"Wane Waisake?"

"Nawa ka sani? Yana da ciwon mantuwa, bai san kowa ba. Tuƙa, zan faɗa maka a hanya."

Ban taɓa ganin Apenisa ya rasa abin cewa ba sai ranar. Tare suka tashi da Waisake, tare suka sha bulala a kan satar kwakwar fasto. Ya murɗa inji har ƙarshe.

Iskar kudu ta fara tashi. Wata ya cika, ruwan ranar babba ne, yana hawowa da ƙarfi. A mashigar da ke tsakanin otal da Tivuya, in ruwa na cika iska na tura shi, ko mu masu inji muna addu'a. Na tsaya a goshin jirgi ina raba ido. Duk abin da ya yi ja sai gabana ya faɗi. Jarka. Ganyen kwakwa busasshe. Babu.

"Ya ce wani abu da safe?" na tambayi Narelle.

"Ya tsaya a taga yana nuna tsibirinku. Kalma ɗaya yake maimaitawa." Ta faɗe ta.

"Me ta ce?" in ji Apenisa.

"Gida."

"To gada zai nufa. Bari in kira gari su fito da jirage."

Na riƙe hannunsa. Oba-oban garinmu a kantin Momo yake, mahaifin Apenisa, kuma a inuwar kantin Nana take wuni. Hawan jininta sau biyu yana kwantar da ita a bana.

"Nana za ta ji."

"Tavale, jirgi ɗaya ba ya neman mutum a ruwan nan. Gara ta ji yana raye."

"In kuma ba mu same shi ba? Ta ji ya dawo, ta ji ya tafi, duk a wuni ɗaya?"

Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta buga, ruwa ya watso mana.

"Kira su," na ce. "Ka ce baƙon otal ne ya ɓata. Kada ka faɗi suna."

Ya kira. Na ji muryar Momo yana cewa ga su nan. Can bayansa na ji wata murya da na fi sanin ta fiye da tawa tana cewa, "Allah sarki, ɗan wani." Na juya baya don kada Narelle ta ga fuskata.

Mun kusa gada, babu ja ko ɗaya a ruwa. Yara ne kawai ke tsalle daga kan katako.

Sai abin ya faɗo min.

"Apenisa, juya."

"Ina?"

"Tsohon gari."

"Me zai je yi a can? Babu kowa a..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya jirgin.

Waisake ya tafi kafin guguwar da ta rushe mu, kafin teku ta cinye layin gidajen gaba, kafin mu kwashe mu hau tudu. An faɗa masa a waya. Amma wanda ya manta muryar uwarsa, ina zai riƙe cewa an tashi gari?

Tsohon garin yana bayan ƙahon dutse. Hanya mai lafiya sai an zaga bayan duwatsun murjani. Apenisa ya dubi farin kumfan da ke fashewa a kan duwatsu, ya dube ni.

"In muka zaga ruwa ya gama cika."

"Bi ta tsakiya."

"In na fasa jirgin, ke za ki yi wa tsoho bayani."

"Bi."

Na ce wa Narelle ta kwanta a ƙasan jirgi. Ta ƙi. Ta durƙusa ta riƙe igiya, bakinta na motsi. Apenisa ya jira wata babbar igiyar ruwa, ya hau bayanta. Na ji ƙasan jirgi ya goge dutse, ƙara kamar ana yage kwano. Muka wuce.

Ba ma kawo baƙi nan. Babu abin gani. Kututturan kwakwa matattu a tsaye cikin ruwa, matakalar coci da ba ta kai ka ko'ina, kawunan kaburbura suna leƙowa suna nutsewa.

"Ga shi can," in ji Narelle.

Kwalekwalen ne. A kife, yana bugun wani kututture.

Ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta yunƙura za ta faɗa ruwa, Apenisa ya riƙo ta.

"Tsaya. Duba can."

Can gaba, kusa da bakin rafi, wani mutum na tsaye, ruwa har ƙirjinsa. A kan dakalin simintin maƙwabtanmu yake. Ba riga, sai zanin otal a ƙugunsa. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari. Da a kasuwar Lautoka na gan shi zan wuce shi. Amma yadda ya karkata kai gefe guda yana kallon ruwa, haka Tata yake yi.

Gabansa inda gidanmu yake ne. Yanzu rami ne, rafi da teku sun haƙe wurin, in ruwa na cika nan yake juyawa.

"Kashe inji," na ce. "Kada ya firgita."

"Ni zan je," in ji Narelle.

"Me za ki ce masa?"

Ta kalle ni, ta saki gefen jirgin. "Je ki. Don Allah ki dawo min da shi."

Na sauka. Ruwan ya kai min wuya, ƙasa duk fasassun bulo. Na bi a hankali, ruwa na jan ƙafafuna.

"Waisake."

Ya juyo. Idonsa ya tsaya a kaina. Na ga fuskarsa ta saki, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa ya hango nasa.

"Nana."

Ya ɗauka ni ce mahaifiyarmu.

"Na'am. Ni ce."

"Nana, na dawo. Na yi ta kira ba wanda ya amsa."

"Na ji ka. Ga ni na zo. Sannu da hanya, ɗana. Miƙo hannunka mu tafi."

"Ina gidan?"

"Mun tashi. Muna kan tudu yanzu. Zo ka gani, na dafa rogo da kifi."

"Ina Tata?"

"Yana gona."

"Bai yi fushi ba? Na daɗe."

"Bai yi fushi ba. Ba wanda ya yi fushi."

Saura kaɗan in kai gare shi. Na miƙa hannu. Ya ɗago nasa, babban hannun nan, yatsun duk sun karkace. Har na taɓa su.

Sai ya sake kallon ramin.

"Ina Torika?"

"Tana... tana can sama, tana jiranka."

"A'a." Ya girgiza kai. "Barci take yi. Na bar ta a ɗaki tana barci."

"Waisake, dube ni."

"Kin fito kin bar ta? Nana, ruwa ya shiga gidan. Yarinyar ba ta iya ruwa ba."

"Ni ce Torika. Dube ni da kyau, yaya. Ga ni nan, na girma. Ni ce."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Babu komai a idon sai tsoro.

"Ki tsaya nan, Nana," ya ce a hankali. "Yanzu zan fito da ita."

Ya ja numfashi, ya nutse.

Na ji Narelle ta kira sunansa. Na ji faɗawar Apenisa daga jirgi. Ban jira kowa ba, na bi shi.

Ƙarƙashin ruwan duhu ne, laka da yashi, ko tafin hannuna ba na gani. Ruwa ya juya ni ya buga kafaɗata da wani bango. Na lalubi dama, na lalubi hagu. Ƙirjina ya fara zafi. Na ƙara yin ƙasa.

Yatsuna suka taɓa wani abu mai motsi. Na damƙe shi da hannu biyu, na taka bango, na ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Ya biyo ni. Ya biyo ni da sauƙi.

Na fasa saman ruwa ina tari, na ɗaga abin da na riƙo.

Zanin ne kawai.